Yadda ake haƙo tarihin tashar mota a Katsina

Wanda duk ya shiga tashar mota a Katsina ya tambayi shekarar da aka kafa ta, zai samu amsa uku ko huɗu kafin shayinsa ya huce, kuma mai yiwuwa babu maƙaryaci ko ɗaya a cikin masu amsar. Wani yana nufin lokacin da motoci suka fara tsayawa a gindin wata bishiya kusa da kasuwa. Wani yana nufin shekarar da hukuma ta yanka fili ta ce a koma can. Na uku yana lissafi daga ranar da aka ja katanga aka sa ƙofa, na huɗu kuma daga ranar da gwamna ya zo ya buɗe. Tasha tana ƙaura, sunanta ya bi ta, wani lokaci kuma sunan ya zauna a tsohon wurin ana ta cewa "tsohuwar tasha" alhali shaguna ne kaɗai suka rage. Saboda haka aikinka shi ne ka gano wurare nawa tashar ta zauna, yaushe ta bar kowanne, wa ya tashe ta, kuma me ya sa.

Abin da za ka riƙe a kai kafin ka taka tashar

Layin dogo na Turawa bai biyo ta birnin Katsina ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Kauran Namoda a 1929, amma Katsina da Daura a gefe aka bar su. Shi ya sa gyaɗa da auduga da fata da mutane suka dogara da jaki da raƙumi, daga baya da babbar mota, domin su kai bakin dogo. Tashar mota a nan ta ɗauki nauyin da tashar jirgi ta ɗauka a wasu garuruwa, kuma a wurare da yawa ta gaji zangon fatake ne. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma aka tsara ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, sabon babi ne. Kada ka cuɗa shi da tsohon.

Na biyu, ƙofofin gari su ne taswirarka ta farko. Motar da za ta Kano ta saba fita ta ɓangaren Ƙofar Ƙaura, kuma kowace hanya, ko ta Daura ko ta Jibiya ko ta Dutsin-ma, tana da ƙofar da ta fi kusa da ita. Ƙananan tashoshi kan tsiro a bakin ƙofa ko ɗan gaba da ita, inda fasinja zai tari mota ba sai ya shiga tsakiyar gari ba. Ka zana ganuwar da ƙofofinta a takarda mai faɗi, Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi, Marusa, ka bar sarari. A kanta za ka riƙa ɗiga kowane wuri da dattawa suka ambata.

Na uku, wanda ke mulkin fili ya sha canzawa, takardu kuma mai mulki suke bi. Zamanin En'e kasuwa da tasha suna hannun hukumar gargajiya. A 1967 aka yi Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 ta koma Jihar Kaduna, a shekarar kuma aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi. Dokar mallakar ƙasa ta fito a 1978. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru tana iya zama inda fayil ɗin tasharka ya yanke ya ci gaba a wani ofishi.

Shiga tasha

Kada ka fara da ciro waya kana ɗaukar hoto. A tasha, baƙon da ke ɗaukar hoto ba izini ɗan leƙen asiri ne ko ɗan haraji, kuma da zarar an yi maka wannan kallon ka rasa tashar. Ka fara da ofishin yuniyan, wato reshen NURTW, ƙungiyar direbobi da ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, ka nemi ciyaman ko sakatare. Idan tashar gwamnati ce ta KTSTA, wato hukumar sufuri ta Jihar Katsina, sai ka rubuta wa hukumar takarda. Ka je da takardar gabatarwa daga makaranta ko jarida ko mai unguwa, kwafi biyu, su riƙe ɗaya, su buga maka hatimi a ɗaya. Ka faɗi abin da za ka yi da bayanin a jimla biyu, ka kuma faɗa tun farko cewa ba kuɗin shigar yau ka zo bincike ba. Wannan kalma ɗaya tana buɗe baki.

Ciyaman zai haɗa ka da mutanensa, kuma a nan tarkon farko yake. Shugabancin tasha yana da ɓangarori, wanda ke kan kujera zai kai ka wurin waɗanda za su ce tarihi ya fara ne daga zuwansa. Ka karɓi sunayen da godiya, sannan a ƙarshen kowace hira ka tambayi mutumin, "Baba, wa kuka tarar a nan da kuka zo, kuma yana raye?" Cikin mako biyu za ka samu jerin da ba na ofis ba.

Mutum goma sha biyu zuwa goma sha biyar sun isa tasha guda, muddin ba sana'a ɗaya suke ba. Tsofaffin direbobi uku ko huɗu, musamman waɗanda suka fara da yaron mota, domin sun san hanya da irin motocin kowane zamani. 'Yan kamasho biyu, su ne suka san layi da kuɗin lodi da yadda ake rabon mota. Bakanike da mai faci. Mai shayi da mai abinci, kuma kada ka raina waɗannan: direba yana kwana a hanya, mai abinci kuwa tana zaune wuri ɗaya shekara talatin, ita ta ga ranar da aka zo da katafila. Idan namiji ne kai kuma tsohuwar ta koma gida, ka nemi mace ta yi hirar ko ka je tare da ɗanta. Sai tsohon ma'aikacin haraji na ƙaramar hukuma, mai unguwar wurin, da mutum ɗaya ko biyu daga gidajen da gonarsu ce aka mayar tasha.

Lokacin hira shi ne bayan lodin safe ya lafa, daga misalin ƙarfe goma sha ɗaya zuwa azahar. Ka kauce wa ranar kasuwar garin da layin ke zuwa, da jajiberin sallah, da ranar Juma'a. Tsohon da ya yi ritaya a zaurensa za ka same shi bayan la'asar, ya fi sakin jiki a can. Minti arba'in da biyar ya isa zama ɗaya, zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, domin a tsakani mutum yakan tuno abin da ya manta ko ya tambayi abokinsa.

Wayar hannu ta isa ɗaukar murya idan ka sa ta a yanayin jirgin sama ka ajiye ta kamar taƙi biyu daga bakin mai magana, a kan hula ko tsumma don kada ta ɗauki girgizar benci. Awa guda ba ta wuce megabait sittin a matsakaicin inganci. Abin da ke ɓata ɗauka a tasha shi ne janareta, injin mai faci da kiran fasinja, don haka ka nemi ɗaki ko bayan masallaci, ka ɗauki minti ɗaya ka saurara kafin ka ci gaba. A farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata da wuri, ka nemi yardarsa da bakinsa. Ka ware awa biyar zuwa shida don rubuta awa ɗaya ta magana, kuma ka rubuta da Katsinancin da aka faɗa, kada ka gyara masa Hausa. Goro da kuɗin shayi al'ada ce. Biyan kuɗi a kan labari kuwa yana sa labarin ya yi tsawo ya rage gaskiya.

Hirar taro tana da daɗi amma tana da illa. In dattawa biyar suna zaune, wanda ya fi girma ko ya fi murya shi zai faɗi shekara, sauran su ce haka ne. Ka gama da kowa shi kaɗai tukuna, sannan ka tara su a kan wuraren da suka saɓa.

Mayar da "shekarar kaza" zuwa lamba

Nan ne aikin yake da wuya, nan kuma yake da daɗi. Dattijo ba zai ce maka 1974 ba, in ma ya faɗa to yawanci ƙiyasi ne don ya sallame ka. Kada ka tambaye shi shekara. Ka tambaye shi wane sarki ne a kan gado, da wane kuɗi aka biya, a wane hannu ake tuƙi, ya yi aure ko bai yi ba, wane ɗa ne a goye. Sai ka ɗora amsar a kan turaku, wato manyan abubuwan da aka tabbatar da shekarunsu.

Sarautar Katsina turke ce mai ƙarfi: Muhammadu Dikko daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagoggo zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, sannan Abdulmumini Kabir Usman. A Daura, Sarki Abdurrahman ya rasu a 1966, Muhammadu Bashar ya yi daga nan zuwa 2007, sai Umar Faruk Umar. Matsalarsu ita ce tsawo, "zamanin Nagoggo" shekara talatin da bakwai ne. Dole ka tsuke shi da wani abu.

Ga direba babu turken da ya kai canjin hannu. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hagu ta koma dama, kuma duk wanda ke kan hanya a lokacin yana tuna inda yake lodi a wannan makon. "Lokacin canjin hannu kuna tsohon wuri ko kun dawo nan?" tambaya ce da ke raba tarihin tasha gida biyu. Bayanta akwai farin 1973, kisan Murtala a 13 ga Fabrairu 1976, kafa hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa a 1988, da kusufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Katsina da hantsi.

Wasu turakun kuwa suna da tagwaye, su ne ke kayar da masu bincike. "Shekarar canjin kuɗi" tana iya zama 1968 lokacin yaƙin basasa, ko 1 ga Janairu 1973 da naira ta maye fam, ko Afrilun 1984 da aka sauya launin takardun kuɗi, ko wahalar farkon 2023. Ka tambaya, daga wane kuɗi zuwa wane? "Zamanin Buhari" biyu ne, na soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985 da na farar hula daga 2015 zuwa 2023, kuma wasu suna nufin shekarun da ya riƙe asusun rarar kuɗin man fetur, wato PTF, ana gyaran hanyoyi. Obasanjo ma biyu ne. "Zamanin 'Yar'aduwa" a bakin Bakatsine yawanci gwamnansa ne na 1999 zuwa 2007, ba shugabancin ƙasa ba. "Da aka rufe boda" ga mutanen layin Jibiya da Maraɗi, ko na Kwangwalam da Damagaram, yana iya zama 1984, ko Agustan 2019, ko bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Azumi ma yana taimakawa. Watan yana ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ya zagayo cikin shekara talatin da uku. Wanda ya ce an tashe su da azumi ana tsakiyar ruwan Agusta, to ko dai wajen 1978 yake nufi ko wajen 2011, kuma shekarunsa da irin motar da yake ja za su raba maka gardama.

Irin mota tana nuna maka shekarar da abu bai girme ta ba kaɗai. Kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, don haka tashar da aka ce ta cika da Fijo 504 tana lodin Kano ba ta farkon shekarun 1960 ba ce. Amma mota takan yi shekara ashirin a hanya, saboda haka ganinta ba ya nuna cewa sabuwa ce a lokacin. Ka bar dattawa su jero maka da sunayensu, bodin katako, roka, a-kori-kura, kiya-kiya, har zuwa homa da kurkura, ka tambayi wadda ta kori wadda a kowane layi.

Kuɗin mota yana buƙatar kulawa ta musamman. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule kwabo goma sha biyu, sisi shida, taro uku. Da naira ta zo, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Tsofaffi ba su daina lissafi da fam ba har shekaru da dama bayan haka, jaka kuma naira ɗari biyu ce. A misali, idan mutum ya ce "fam biyar muke ɗauka", kada ka yanke cewa kafin 1973 ne, mai yiwuwa naira goma yake nufi a shekarun 1980. Ka rubuta yadda ya faɗa, ka sa fassararka a gefe. Farashin fetur ma ma'auni ne: lita ta zauna a naira 65 har ƙarshen 2011, ta koma 97 bayan zanga-zangar Janairun 2012, ta kai 145 a Mayun 2016.

Takardu

Na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Katsina ke ƙarƙashin lambar KATPROF. Sai dai Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Kafin nan ta yi zama ƙarƙashin Kano, daga 1926 kuma ƙarƙashin Zariya, Daura kuwa tana tare da Kano har 1934. Wanda ya duba KATPROF kaɗai ya ce babu komai a kan motocin farko, bai duba KANOPROF da ZARPROF ba ne. Kada ka nemi fayil mai sunan tasharka, da wuya ka samu. Ka duba na kasuwanni, hanyoyi, lasisin motoci, tsarin gari, kasafin kuɗin baitulmalin En'e da rahoton shekara na Razdan. Layi ɗaya a kasafin kuɗi da ke nuna an ware fam kaza don share filin manyan motoci ya fi shafi goma na yabo. Ka ware aƙalla kwana uku, ka rubuta cikakkiyar lambar kowane fayil kafin ka buɗe shi. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, shi ma yana Kaduna, tafiya ɗaya ta isa duka biyun.

A Katsina akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, inda kundayen ɗalibai kan ƙunshi hira da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ka ɗauki hirar da ke ciki, ka sake tantance shekarun da kanka, domin kundi yakan kwafi kuskuren kundi. Ma'aikatar ƙasa da safiyo da hukumar tsara birane su ke da taswirar fili da takardar diyya, sashen haraji na ƙaramar hukuma kuma shi ke da tsofaffin littattafan rasit. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da New Nigerian ta 1966 suna da amfani idan ka riga ka tsuke shekara zuwa biyu ko uku. Shiga cikinsu ba shekara a hannu ɓata wata guda ne.

Ofishin yuniyan yana da littafin layi, katin 'yan ƙungiya da littafin taro. Ka tuna NURTW a 1978 aka kafa ta, don haka duk takarda mai tambarinta ba ta girmi wannan shekarar ba, ko da an rubuta tsohon kwanan wata a kai. Abin da ya gabace ta sai ka tambayi yadda ake kiran shugaban wurin a da, da wanda ke naɗa shi. Allon buɗe gini da ke jikin bango kuwa ranar biki kaɗai yake faɗa. Tasha tana iya fara aiki shekara biyu kafin allon, ko ta zauna kango bayansa saboda direbobi sun ƙi komawa.

Kada ka karɓi asalin takarda ko hoto ka tafi da shi, ko an ba ka. Ka ɗauka a inuwa mai haske, ba fitilar waya, gaba da baya, domin bayan hoto yakan ɗauki hatimin mai hoto da kwanan wata. Kada ka shawarci kowa ya liƙe tsohuwar takarda a leda mai zafi, tana lalata ta ba gyara. A hoto ka duba lambar mota: wadda ta fara da KD ta zamanin Jihar Kaduna ce, mai KTN ko DRA kuma ta tsarin da ya fara a 1992 ce, wanda aka juya a 2011 haruffan ƙaramar hukuma suka dawo gaba.

Ƙasa da haɗawa

Ka ɗauki dattijo ɗaya a mota ko babur ku je kowane tsohon wuri. Mutum yana tsaye a wurin yakan ce "a'a, ƙofar ta nan take, rijiyar tana can", abin da ba zai tuna a zaure ba. Ka ajiye alamar wurin a taswirar waya, ka auna faɗi da taku, ka nemi abin da ba ya ƙaura: masallaci, tsohuwar bishiya, rijiya, gidan mai. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana nuna tsofaffin hotunan sama, waɗanda ke da amfani ga shekarun 2000 zuwa yau, za ka ga lokacin da rumfa ta bayyana ko shaguna suka cinye filin lodi.

Daga nan sai ka buɗe shafi guda ga kowane mazaunin tashar, ka rubuta shekarar da ba za a ce an zo kafinta ba, da wadda ba za a ce an zo bayanta ba, da hujjar kowacce. Ka karɓi magana idan mutum biyu da ba su zauna tare a hirarka ba suka faɗe ta, ko mutum ɗaya da takarda. Idan abin da ka samu shi ne tsakanin 1973 da 1976, haka za ka rubuta, kada ka zaɓi ta tsakiya don ta yi kyau a shafi. Dalilin ƙaura kusan kullum kashi biyu ne, na hukuma, wato cunkoso ko faɗaɗa kasuwa ko sabon titi, da na 'yan tasha, wato siyasa ko wani mai ido a kan filin. Ka kawo duka biyun da sunan ɓangaren da ya faɗa. Zargin da ya taɓa mutum mai rai ko iyalinsa, in babu takarda, ka bar shi a cikin ɗaukar murya, kada ya hau shafi.

Kafin ka wallafa, ka koma tashar ka karanta musu da baki a gaban waɗanda ka yi hira da su, domin da yawansu ba za su karanta boko ba, kuma a nan ake kama sunan da ka juya ko layin da ka ba wa wata ƙofa. Ka buga kwafi uku, ɗaya ga ofishin tasha, ɗaya ga Hukumar Tarihi da Al'adu, ɗaya naka. Muryoyin kuma ka ajiye su wuri biyu da ba waya ba, kowane fayil da kwanan wata da sana'ar mai magana a sunansa, tare da takardar da ke nuna wanda ya yarda a ambaci sunansa da wanda ya ce a sakaya.